Babi na 7: Abin da Aka Rataya wa Amarya

Duk uwar da ta aurar da 'ya a Kaduna cikin 'yan shekarun nan ta san wannan gadon. Yana nan a shagunan kayan ɗaki na kan titin Ahmadu Bello da na Ali Akilu, ana kunna masa fitilu da dare saboda masu wucewa. Yana nan kuma a rumfunan kafintocin Panteka, inda ake yin irinsa da kuɗin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya tayawa. Allonsa ya fi mutum tsawo. Can ƙololuwa an ɗora wani abu mai siffar ɓawon kawa, ganyaye sun sauko ta gefensa suna murɗewa, wannan ya lanƙwasa dama, wancan ya yi hagu, ba inda aka bar layi ya miƙe. Ƙafafun ma a karkace suke. An shafe jikin da fenti fari ko ruwan madara, an bi sassaƙar da ruwan zinare. Wata sassaƙar ta hannu ce, wata kuwa roba ce da aka zuba a mazubi aka manna. Mai shago zai ce, “Royal ne, Hajiya, ɗan Turkiyya.” Kafinta kuma zai ce, “Turo mini hoton a waya, ki ba ni sati uku.”

Wannan ado yana da suna, yana da garinsu. Rokoko ake ce masa, kuma a birnin Faris ya tashi, kusan shekara 300 ke nan. Ya yi zamaninsa ya faɗi, aka sake tono shi a ƙarni na 19, ya zama abin da kowane mai sarauta ke so a gani a fadarsa. Khedive Isma'il, wanda ya mulki Masar daga 1863 zuwa 1879, ya cika fadodin Alƙahira da kayan Faransa, kafintocin garin Dumyat suka koyi sassaƙar suka mayar da ita sana'ar gari guda. Daga baya Turkiyya da Caina suka shiga kasuwar, Dubai ta zama zango, alhazai da hajiyoyi 'yan kasuwa suka ƙarasa da shi gida.

Sai dai abin da ya iso mana rabi ne. A garinsu wannan murɗaɗɗen zinare firam ne, kewaye yake yi wa wani abu, kuma abin da yake kewayewa hoto ne. Wadda ta gaji tangaran daga kabet ɗin uwarta ko kakarta ta ɗauko faranti ta duba tsakiyarsa. A wasu za ta ga wani ɗan hoto: saurayi ya durƙusa a gindin itace, budurwa mai faffaɗar riga ta karkatar da kai tana saurarensa. Wannan ɗan hoton shi ne guntun da ya tsira. Manyan da ya fito daga cikinsu labaran soyayyar allolin Girka da Rum ne, waɗanda suka rufe bangayen gidajen manyan Faransa tun daga wajen 1720 har zuwa wajen 1770.

Sarki Louis na 14 ya mutu a 1715, bayan shekara 72 a kan gado. Ya tara manyan ƙasa a fadar Versailles yana sa musu ido, kuma zanen da ake yi a zamaninsa na nuna ƙarfi ne: yaƙe-yaƙe, dawaki, sarki a siffar rana. Tattaɓa-kunnensa da ya gaje shi yana da shekara 5, don haka Philippe na Orléans ya riƙe ƙasa, ya koma da mulki Faris. Manya suka bi shi, suka shiga gyaran gidajensu. An gaji da zaurukan da mutum zai yi magana ya ji amsa-kuwa. Aka koma ƙananan ɗakuna na hira da kiɗa da shan gahawa, masu manyan madubai da tagogi. Irin wannan ɗaki ba ya ɗaukar hoton yaƙi. Abin da ya rage wa mai zane shi ne saman ƙofa, saman madubi, da 'yan guraben da sassaƙa ta bari. Sai a auna gurbin a kai masa, ya yanka ƙyallensa daidai da shi. Wanda bai riƙe wannan ba, zai yi wa zanen Rokoko gurguwar fahimta, domin yawancinsa kayan ɗaki ne, tare aka yi odarsa da kujeru da labule.

Ɗakin da ya fi nuna haka, ɗakin amarya ne.

A 1732 Yarima Hercule-Mériadec de Rohan, mai gidan Soubise da ke unguwar Marais a Faris, ya sake aure bayan mutuwar uwargidansa. Yana da shekara 63. Amaryar, Marie-Sophie de Courcillon, tana da 19, kuma ita ma mijinta na fari ya rasu. Jikan angon da zai gaje shi, shekara biyu kawai ta ba shi. A wurinmu iyayen amarya ke yin kayan ɗaki, 'yan jere su zo su jera. A nan ango ne ya ɗauki nauyin. Ya kira magini Germain Boffrand ya sake fasalin gidan, sashen maigida a ƙasa, na amarya a bene. A sashenta aka yi wani falo mai siffar ƙwai, ba kusurwa ko ɗaya. Tagogi da madubai suna bin juna a kewaye, bango fari da zinare, rufi shuɗi, kuma sassaƙar ta haura daga bango ta shige rufi yadda ido ba zai gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba. Tsakanin bakunan tagogin da madubai, can sama, gurabe takwas suka rage. Charles-Joseph Natoire ya cike su tsakanin 1737 da 1739 da labari guda: labarin Psyche da Cupid. Falon yana nan har yau, domin tun 1808 gidan ya zama ma'adanar takardun tarihin Faransa.

Wanda ya fara rubuta labarin ɗan Afirka ne, Apuleius, mutumin Madaura da ke ƙasar Aljeriya ta yau, a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa. Bahaushen da ya ji shi zai rantse a ɗakin kakarsa ya fara jin sa.

Wani sarki ne da 'ya'ya mata uku. 'Yar autar, Psyche, kyanta ya kai har mutane suka daina zuwa ɗakin bautar allahiya Venus, suka koma kallon yarinya. Venus ta ji haushi, ta aiki ɗanta Cupid, mai kwari da bakan da ke jefa so a zuciya, ya sa yarinyar ta so mafi ƙasƙancin halitta. Da ya gan ta sai shi ya kamu. Can gida kuwa yayyenta sun yi aure, ita kowa sai kallo, ba mai zuwa neman ta. Uban ya je duba, aka ce masa ya kai ta kan dutse cikin shirin jana'iza, mijinta dodo ne. Aka kai ta aka baro. Iskar yamma ta ɗauke ta ta sauke a wani gida na zinare da hauren giwa, inda muryoyi ke yi mata hidima ba ta ganin masu su. Miji yana zuwa cikin duhu, ya fita kafin asuba, da sharaɗi ɗaya: kada ta nemi ganin fuskarsa. Ta yi ciki. Kewar gida ta dame ta, ta roƙa aka kawo mata yayyenta. Da suka ga daular da take ciki hassada ta ci su, suka ce mata maciji take aure, jira yake cikin ya tsufa ya haɗiye ta. Suka ce ta ɓoye fitila da aska. Da dare ya yi barci, ta ɗaga aci-balbal, sai ga saurayi mai fukafukai, ba ta taɓa ganin kyakkyawa irinsa ba. Tana cikin kallo hannunta ya yi rawa, ɗigon mai zafi ya faɗa masa a kafaɗa. Ya farka, ya tashi sama, ya bar ta.

Daga nan wahala ta fara, kuma ita ce kusan rabin labarin. Psyche ta faɗa kogi, kogi ya turo ta gaɓa. Ta yi ta yawo da ciki tana neman miji har ta kai kanta ga uwarsa. Venus ta sa bayinta biyu, Damuwa da Baƙin Ciki, suka yi mata bulala, ita kuma ta yayyaga mata tufafi. Sannan ta zube alkama da sha'ir da gero da wake da wasu ƙwayoyi wuri guda, ta ce a ware kowanne kafin magariba. Tururuwa suka ji tausayinta suka ware mata. Aka aike ta ɗebo gashin zinare daga jikin wasu tumaki masu kisa, aka aike ta ɗebo ruwa daga wani tsauni da dodanni ke gadi, gaggafa ta karɓi tulun ta ɗebo mata. Aikin ƙarshe, aka tura ta ƙasar matattu ta karɓo kwalliya a cikin akwati, kada ta buɗe. Ta buɗe, barci mai kama da mutuwa ya kwashe ta. Sai a nan Cupid, wanda ƙunarsa ta warke, ya zo ya tashe ta, ya kai ƙara wurin Jupiter, sarkin alloli, aka ɗaura aure a sama, ta zama ɗaya daga cikin alloli, ta haifi 'ya mace.

Yanzu a ɗaga kai a dubi gurabe takwas na Natoire. Ga iska tana tallabe da Psyche. Ga 'yan mata suna miƙa mata furanni a ƙofar gidan miji. Ga ta tana nuna wa yayyenta dukiya. Ga fitilar, ga miji yana barci. Ga 'yan ruwa suna tsamo ta, ga ta a wurin makiyaya, ga ta ta some a gaban Venus, ga ta ana haurawa da ita sama. Babu bulala. Babu tsibin hatsi, babu tumaki, babu ƙasar matattu, cikin ma ba a nuna shi ba. Ko inda aka tsamo ta daga kogi, jikinta sumul yake, launukan masu taushi, ruwan hoda da shuɗi mai haske. Natoire ya fi bin labarin yadda marubuci La Fontaine ya sake rubuta shi a 1669, wanda dama ya sassauta shi, amma zaɓen abin da zai hau bango nasa ne da na mai gidan.

Ni dai ga yadda nake karanta ɗakin. Dattijo ya ɗauko yarinya ya sa ta a gidan zinare, sannan ya rataya mata a saman kai labarin wata yarinya da aka sa a gidan zinare. Yabo ne, babu shakka: kyanki ya kai a yi kishi da ke a sama. Nasiha ce kuma, irin wadda gwaggo ke yi daren kai amarya: ban da bincike, ban da jin zugar 'yan'uwa, a yi haƙuri. Amma inda abin ya fi taɓa ni shi ne mijin da ke cikin hoton. Matar da ta ɗaga fitila ta ga saurayi, ita kuwa mai ɗakin ta san wanda za ta gani. A tsakanin manyan Faransa na lokacin aure ciniki ne na gidaje biyu, ana duba suna da gonaki da abin da amarya za ta shigo da shi. So, in ya zo, ya zo. In bai zo ba, ga shi nan a bango. Yariman ya mutu a 1749, ita a 1756, ba su haihu tare ba.

Mai karatu zai tambaya, me ya kai Kiristoci 'yan Katolika ga cika gidajensu da allolin arna? Ba bauta musu suke yi ba. 'Ya'yan manya suna koyon Latin a makarantun limaman coci, kuma a cikin abin da ake karantar da su akwai littafin Ovid na rikiɗe-rikiɗe, wanda aka kammala wajen shekara ta 8 bayan haihuwar Annabi Isa. Labaran sun zama harshen masu ilimi. Mace da kurciyoyi da lu'ulu'u Venus ce. Mai jinjirin wata a goshi da karnukan farauta Diana ce. Inda aka ga gaggafa, Jupiter na kusa. Baƙon da ya shigo falo ya gane labarin da kallo ɗaya ya nuna ɗan gidan da ya fito. Akwai kuma dalilin sana'a. Majalisar masu zane ta sarki, wadda aka kafa a 1648, ta jera aikin zane hawa-hawa. A sama akwai labaran tarihi da na addini da na alloli, a ƙasa hoton furanni da kayan marmari. Mai zane yana son matsayi, mai gida yana son abin da zai yi daɗin kallo, soyayyar alloli ta biya wa kowa buƙata. Dalili na uku kuwa kowa ya san shi ko da ba a faɗa: mace ba tufafi abin kunya ce, amma da an ce sunanta Venus sai a rataye ta a falo.

Gwanin wannan fage shi ne François Boucher, wanda ya rayu daga 1703 zuwa 1770. Gwanintarsa ba abin musu ba ce. A zanensa na 1740 na fitowar Venus daga teku, wanda jakadan Suwidin Carl Gustaf Tessin ya saya, yake kuma birnin Stockholm a yau, akwai wani dogon mayafin alharini mai ratsin fari da ruwan hoda da jarirai masu fukafukai suka ɗaga sama. Iska ta cika shi ya murɗe, kuma murɗewar tasa ita ke jan ido ya zagaya hoton, daga gajimare zuwa kumfar teku, ya dawo kan fuskar Venus. Ruwan yana da nauyi, fatar jiki tana ɗaukar hasken ruwan. Mutumin da ya iya sa fentin mai ya yi wannan ya san aikinsa.

Amma a duba abin da ya yi da labarin Europa. 'Yar sarkin Taya ce, a gaɓar Lebanon ta yau. Jupiter ya rikiɗa ya zama farin bijimi, ya shiga garken ubanta, ya yi lamo har ta hau bayansa, sai ya zabura ya faɗa teku da ita zuwa tsibirin Kirit. Satar yarinya ce. Titian na Benis, da ya zana labarin wajen 1560, ya nuna ta a tsakiyar ruwa, ta faɗi rigingine a bayan sa, hannu ɗaya riƙe da ƙaho, ƙawayenta can nesa a gaɓa suna ɗaga hannuwa. Mai kallo yana jin faɗuwar gabanta. Boucher, a zanensa na 1747 da ke Louvre, ya ja labarin baya kaɗan. Sa yana kwance a ƙasa da furanni a wuya, Europa na zaune a kansa cikin natsuwa, ƙawaye kewaye da ita. Ya tsayar da labarin a daidai lokacin da ba wanda ya cutu tukuna, ya bar shi a nan har abada. Haka ya yi da Callisto, wadda ya zana sau da dama. A labarin, Jupiter ya yaudare ta da siffar uwargijiyarta Diana, ta yi ciki, aka kore ta daga cikin ƙawayenta, matar Jupiter ta mayar da ita dabbar daji. A wurin Boucher mata biyu ne kawai suna hira a inuwa.

Kada a ɗauka maza kaɗai ke sayen wannan kaya. Babbar mai riƙe da Boucher mace ce, Madame de Pompadour, 'yar talakawa masu kuɗi da ta zama farkar Sarki Louis na 15 a 1745. Ta san cewa zamanta a fada ya dogara ga yadda ake ganin ta, ta kuwa yi amfani da zane yadda 'yan siyasa ke amfani da rediyo. A 1750 ta fito a matsayin Venus a wani wasa da aka yi a Versailles. A 1751 Boucher ya zana mata Venus tana kwalliya, aka sa a sashen wanka na gidanta na Bellevue. Da sha'awa ta ƙare tsakaninta da sarki, ta rage sai shawara da amana, sai ta sa masassaƙi Pigalle ya sassaƙa ta a siffar Abota, don duk fada ta san ba ta faɗi ba. Ita ce kuma ta tsaya wa masana'antar tangaran da ta koma Sèvres a 1756, inda aka riƙa kwafar zanen Boucher a kan kofuna da farantai. Ta wannan ƙofar masoyan gindin itace suka fita duniya, masana'antu suka yi ta kwafar kwafi har abin ya iso kabet ɗin iyayenmu.

Akwai wata wahalar da ba ta hau bango ba, kuma ta shafe mu. Antoine Watteau, wanda zanensa na 1717 na masoya a tsibirin Venus ya buɗe wannan zamani, ya zauna a gidan attajiri Pierre Crozat. Yayan Pierre, Antoine Crozat, yana cikin manyan masu jari a kamfanin da ke jigilar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. Da dukiyar da ya haɗa 'yarsa da ita ranar aurenta aka gina gidan da Pompadour ta saya a 1753, wanda a yau shi ne fadar Élysée ta shugaban Faransa. Sukarin da ake zubawa a kofunan Sèvres daga gonakin rake na Saint-Domingue yake zuwa, ƙasar Haiti ta yau.

Tun Boucher na da rai aka fara sukar sa. Denis Diderot, wanda ya riƙa rubuta sharhi kan baje kolin zane na Faris daga 1759, ya yarda mutumin yana da kowace baiwa, amma ya ce babu gaskiya a aikinsa, a 1765 kuma, shekarar da aka naɗa Boucher babban mai zanen sarki, ya danganta lalacewar zanensa da lalacewar ɗabi'a. Musulmin da ya ga waɗannan hotuna zai tsaya tun a kan tsiraicin, kuma ina tare da shi. Ba abin da zan rataya a gidana ba ne. Amma rashin gaskiyar da ta fi damuna wata ce daban. An ɗauko labaran da tsofaffin marubuta suka rubuta da kuka a cikinsu, kukan mata galibi, aka tace kukan aka zubar, aka miƙa wa amarya sauran.

Ƙarshen zamanin ya zo a hannun almajirin Boucher, Jean-Honoré Fragonard. Madame du Barry, farkar sarki ta ƙarshe, ta sa shi ya yi mata manyan zane huɗu na matakan soyayya don sabon gidanta na Louveciennes. Ya yi su a 1771 da 1772. A nan alloli sun riga sun sauka daga matsayinsu, sun zama gumakan dutse a lambu, 'yan Adam ne ke soyayyar a ƙarƙashinsu. A 1773 ta mayar masa da kayansa, ta sa Joseph-Marie Vien ya yi wasu a sabon salo mai miƙaƙƙun layuka irin na tsohuwar Girka. Yayi ya juya. A 1789 juyin juya hali ya ɓarke, a watan Disamba na 1793 aka fille wa du Barry kai. Fragonard ya naɗe zanensa ya kai gidan wani ɗan'uwansa a Grasse a 1790, ya mutu a 1806 an kusa mantawa da shi. A 1915 attajirin Amurka Henry Clay Frick ya sayi jerin a kan dala miliyan 1.25.

Mu da muka karɓi firam muka bar hoton muna da hujjarmu. Hadisin Nana A'isha sananne ne, na labulen nan mai hotuna da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna ƙinsa, har ta yanka shi ta yi matasai. Adon Bahaushe ya daɗe da sanin yadda ake cika bango ba tare da surar mutum ba. Wanda ya ga aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a masallacin Juma'a na Zariya, ko dagin da ke fuskar tsofaffin gidajen Tudun Wada, ya san murɗa layi ba baƙonmu ba ne. Shi ya sa ganye da ɓawon kawa suka shiga ɗakin amarya ba wanda ya ɗaga gira, gurbin tsakiya kuma aka cike shi da soso da karammiski da maɓallai.

Wannan bai sa mun tsira daga abin da Natoire ya yi ba. Masu zuwa lambun Gamji a bakin kogin Kaduna ɗaukar hotunan kafin aure, saurayi ya durƙusa, budurwa ta karkatar da kai, tsayuwar da ke kan farantin nan suke yi ko sun sani ko ba su sani ba. Wannan mai sauƙi ne, kowa na da ikon ajiye hoton ranar farin cikinsa. Wanda ya fi nauyi shi ne yadda muke ba da namu babban labarin aure, wanda muka ɗora asalinmu a kansa. Kowane ɗan firamare ya san Bayajida ya iso Daura da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai Juma'a, ya je rijiyar Kusugu ya sare kan macijiya, sarauniya Daurama ta aure shi. Wannan shi ne gurbin da muka zaɓa muka sa wa zinare: takobi, rijiya, sarauniya. Amma kafin Daura akwai Borno. Mai na Borno ya ba shi 'yarsa Magira, ya kuma raba shi da mayaƙansa da dabara, har ya ga ba shi da mafita sai gudu. Ya gudu da ita tana da ciki. Da suka iso Garun Gabas, kusa da Haɗeja, tafiya ta gagare ta, ya bar ta a nan ya wuce Gaya wurin maƙera, daga can ya yi Daura. Masu ba da labari sukan wuce wannan wuri da jimla ɗaya, suna sauri su kai ga macijiya. Akwai kuma Bagwariya, kuyangar da Daurama ta ba shi, wadda ta riga uwar ɗakinta haihuwa, da kishin da ya biyo baya, wanda har a sunayen 'ya'yan biyu, Karɓagari da Bawo, ana jin sa.

Magira ta haihu a inda aka bar ta. Ɗan shi ne Biram, kuma da shi ake cika lissafin Hausa Bakwai, domin 'ya'yan Bawo shida ne.